A saka wa umarnin share rumbun bayanai kwaɗo, gargaɗi kaɗai bai isa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu yi magana da mutane iri biyu: ƙannenmu masu rubuta manhaja a nan Kumasi, da iyayenmu da 'yan'uwanmu masu kantuna, makarantu da ƙungiyoyin adashi waɗanda ke ba su aikin. Mu ma wannan sana'a muke yi, kuma abin da za mu faɗa ya daɗe yana damunmu.

Daga Aboabo zuwa Asawase, daga shagunan Adum zuwa Kejetia, lissafin da a da ake rubutawa a babban littafi ya koma cikin kwamfuta. Kuɗin makarantar yara, bashin da ake bin kwastomomi, yawan katan ɗin da ya rage a sito, wanda ya biya ta MoMo da wanda ya kawo sidi a hannu, duk suna zaune a abin da muke kira rumbun bayanai. Littafin takarda sai gobara ko ruwa su ci shi. Rumbun bayanai kuwa layi ɗaya na rubutu ya isa ya share shi tas, kafin mutum ya ɗauke yatsansa daga kan maɓalli.

Wannan layi ba aikin ɓarayin intanet ba ne. Yana cikin kayan aikin da kowane mai gina manhaja ke riƙe da su kullum. Yawancin yaranmu a kan Laravel suke gini, wasu Django, kaɗan kuma Rails. Waɗannan su ne ƙwarangwal ɗin da ake ɗora manhajar yanar gizo a kai, kuma kowanne ya zo da umarnin rushe rumbu a sake gina shi, domin lokacin gwaji ana buƙatar haka sau goma a yini. A Laravel akwai php artisan migrate:fresh, wanda ke kayar da dukkan teburori, wato jadawalan da bayanai ke zaune a cikinsu, ya sake kafa su babu komai a ciki. Akwai db:wipe da ke kayar da su ya tafi abinsa, da migrate:refresh da migrate:reset masu warware ginin daga sama har ƙasa. A Django akwai flush, mai kwashe duk abin da ke cikin teburori. A Rails akwai db:drop da db:reset da db:schema:load. A kwamfutar gwaji ba su da laifi ko kaɗan. A kan rumbun da ke ɗauke da lissafin mutane na gaske kuwa, masifa ne.

Mai karatu ya kwatanta a ransa yadda abin ke faruwa. Ƙarfe biyar na yamma, yaro yana zaune da baƙaƙen tagogi biyu a buɗe a fuskar kwamfutarsa. Ɗaya tasa ce ta gwaji, ɗaya kuma ta shiga saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajar makarantar da yake yi wa aiki. Launinsu ɗaya, rubutunsu ɗaya. Ya danna kibiyar sama domin ya dawo da umarnin da ya saba bugawa, ya buga Enter. Layuka suka zubo, kowanne da koren DONE a ƙarshensa. Babu ja, babu ƙara, babu alamar kuskure, domin a wurin kwamfuta ba a yi kuskure ba, abin da aka ce ta yi ta yi. Idan ma ya haɗa da --seed, shafin zai buɗe lafiya lau da sunayen ƙarya na gwaji a ciki, har da asusun gwaji wanda kalmar sirrinsa a tsarin Laravel na asali ita ce password. Sai washegari da safe, lokacin da akawu ya nemi sunan ɗalibi bai gan shi ba, a gane abin da ya faru.

Wani zai ce ai Laravel yana tambaya kafin ya share. Gaskiya ne, yana tambaya, amma a duba a kan me tambayar ta dogara. Ta dogara ne a kan layi ɗaya a cikin fayil ɗin saitin manhajar mai suna .env, wato APP_ENV, wanda ke faɗin ko manhajar a wurin gwaji take ko a wurin aiki na gaske. Idan an rubuta production a wurin, harafi da harafi, zai tsaya ya nemi tabbaci. Idan an rubuta prod, ko live, ko wani abu daban, ba zai ce uffan ba. Fayil ɗin misali da Laravel ke zuwa da shi kuma local ne a rubuce a ciki, kuma shi mutane da yawa ke kwafewa su ɗora a saba, su canza sunan rumbu da kalmar sirri kawai su bar sauran. To manhajar tana aiki da kuɗin mutane, amma a wurinta har yanzu a ɗakin gwaji take.

Ko an rubuta shi daidai, akwai --force, wanda ke tsallake tambayar gaba ɗaya. A Django takwaransa shi ne --noinput. Ana saka su a rubutun da ke ɗora sabon aiki a saba, domin babu mutum a wurin da zai amsa, daga nan sai hannu ya saba da su. Ita kanta tambayar, wanda ya amsa ta sau ɗari ya daina karanta ta.

Hanya mafi muni ita ce ta uku, kuma ita muka fi so ƙannenmu su tsaya su fahimta. Kwastoma ya kira ya ce lissafin jiya bai daidaita ba. Domin a ga matsalar da sauri, sai mai manhaja ya canza DB_HOST, wato adireshin rumbun da manhajar ke magana da shi, a kwamfutarsa ya nuna rumbun gaske. Ya gyara matsalar, ya rufe kwamfuta, ya manta bai mayar ba. Bayan kwana biyu ya dawo aikin gwaji. APP_ENV ɗinsa local ne, don haka babu tambaya, amma igiyar tana ɗaure da rumbun kwastoma. Ba sai ya buga umarnin share da hannunsa ba ma. Gwaje-gwajen da ke amfani da RefreshDatabase su da kansu suke kiran migrate:fresh kafin su fara. Kuma idan an taɓa buga config:cache ba a goge ba, abin da aka rubuta a phpunit.xml na cewa a yi amfani da rumbun gwaji ba zai yi tasiri ba, gwajin zai bi saitin da aka daskarar. Ƙari a kan haka, migrate:fresh ba ya duba ko teburi na wace manhaja ne. Masu hayar saba mai araha da suka cusa WordPress da Laravel a rumbu ɗaya, duka biyun za su tafi tare.

A nan Rails ya fi sauran dabara, kuma ya kamata a koya daga gare shi. Tun Rails 5, a 2016, yana rubuta sunan muhallin a cikin rumbun kansa, a wani ƙaramin teburi mai suna ar_internal_metadata. Duk wanda ya zo da db:drop, daga kowace kwamfuta ya fito, sai an duba abin da rumbun ya ce game da kansa. Idan ya ce shi na production ne, umarnin ya tsaya. Wanda ya nace sai ya rubuta DISABLE_DATABASE_ENVIRONMENT_CHECK=1 da hannunsa, doguwar magana da ba a bugawa bisa kuskure. Masu Rails su ƙara staging, wato muhallin gwajin ƙarshe, a cikin protected_environments idan akwai bayanan gaske a wurin.

Masu Laravel sun samu nasu kwaɗon a Laravel 11, a 2024. A cikin AppServiceProvider, a sashen boot, ana kiran DB::prohibitDestructiveCommands a miƙa masa true ko false. Idan true ne, db:wipe da migrate:fresh da migrate:refresh da migrate:reset ba za su gudana ba, ko da an haɗa da --force. Layi ɗaya ne, minti biyu bai cika ba, kuma ba mu ga uzurin wanda zai miƙa aiki ga kwastoma babu shi ba. Sai dai yadda aka saba rubuta shi, wato a hana idan isProduction ya ce e, ya sake jingina da APP_ENV ɗin nan da muka ce ba abin dogaro ba ne. Shawararmu a juya sharaɗin. A hana a ko'ina, a buɗe kawai idan abu biyu sun haɗu: muhallin local ne ko testing, kuma sunan rumbun ya ƙare da _dev ko _test. Kada a dogara da cewa adireshin 127.0.0.1 ne, domin wanda ya haƙa ramin SSH, wato ɓoyayyar hanya daga kwamfutarsa zuwa saba, zai ga rumbun gaske a wannan adireshin, kamar a kwamfutarsa yake. Suna kuwa ba ya canzawa ta rami.

Waɗanda ke kan Laravel 8, 9 ko 10, kuma suna da yawa a garin nan, za su iya sauraron CommandStarting, su duba sunan umarnin, su jefa kuskure idan yana cikin jerin haramtattu. Masu Django su ƙirƙiri nasu flush.py a cikin management/commands na ɗaya daga manhajojinsu, domin umarnin da ke cikin INSTALLED_APPS yana danne na asali mai suna ɗaya. Su tuna kuma migrate da zero a ƙarshe yana rushe teburorin manhajar da aka ambata.

Duk wannan kwaɗon ƙofar ɗaki ne. Bai hana wanda ya shiga rumbun kai tsaye ta shafin phpMyAdmin ba, bai hana tinker ba, wato tagar da Laravel ke ba mutum ya buga umarni kai tsaye, bai hana fayil ɗin sauya tsarin teburi da ke ɗauke da dropColumn ba. Kwaɗon ƙofar gida yana wurin rumbun kansa, kuma nan ne muka fi ganin sakaci. A cPanel, shafin da masu hayar saba ke sarrafa ta, lokacin da ake haɗa asusu da rumbu, akwai akwati ɗaya a sama da ke ba da dukkan izini, kuma kusan kowa shi yake dannawa. Manhajar da ke karɓar kuɗin makaranta ba ta da wata buƙatar ikon kayar da teburi. Izini huɗu sun ishe ta: SELECT, INSERT, UPDATE da DELETE. A buɗe asusu na biyu mai CREATE, ALTER, INDEX, REFERENCES da DROP, wanda ba a amfani da shi sai lokacin sauya tsarin teburori. A Laravel ana ƙara shi a matsayin haɗi na biyu a config/database.php, a kira shi da --database lokacin migrate. Kalmar sirrinsa kada ta kwana a .env na kwamfutar kowa, ta zauna a wurin da ake ɗora aiki kaɗai. Da zarar an yi haka, ko yaro ya nuna rumbun gaske bisa kuskure ya buga migrate:fresh, MySQL, manhajar da ke riƙe da rumbun, shi ne zai ƙi, ya ce wannan asusu ba shi da izini. A MySQL, TRUNCATE ma sai da izinin DROP, don haka an rufe ƙofa biyu da kwaɗo ɗaya. A PostgreSQL, takwaran MySQL, mai teburi ne ke iya kayar da shi, saboda haka asusun sauya tsari ya zama shi ne mai teburorin, asusun manhaja ya zama baƙo da aka ba izinin karatu da rubutu.

Dalilin da ya sa muke matsawa a kan MySQL shi ne, DROP TABLE a cikinsa ba ya komawa baya. Ko an buɗe transaction, wato ƙunshin aikin da ake iya janyewa kafin a tabbatar, umarnin yana rufe ta da kansa, ROLLBACK ba zai dawo da komai ba. PostgreSQL yana barin a janye DROP TABLE idan ba a riga an tabbatar ba, amma shi ma DROP DATABASE ba ya shiga wannan rangwame.

Kafin a ɗora duk wani sauyin tsari, a buga migrate --pretend, ko sqlmigrate a Django, mutum na biyu ya karanta SQL ɗin da zai gudana. Kalmar DROP idan ta bayyana, a tsaya a yi magana. Wanda ke shiga MySQL da hannu ya kunna sql_safe_updates, wanda ke ƙin DELETE ko UPDATE da ba a iyakance ba. Ƙofar 3306 ta MySQL da 5432 ta PostgreSQL kada su kalli intanet, kuma alamar % da ake sakawa a Remote MySQL domin a huta da wahala, ma'anarta kowa daga ko'ina. Sannan a canza launin tagar saba ta koma ja, da sunan kwastoma a jikin layin umarni. Ƙaramin abu ne, amma ido yana ganin ja kafin ƙwaƙwalwa ta karanta rubutu.

Yanzu kuma an samu sabon hannu a cikin aikin, wato manhajojin AI da ake bari su buga umarni da kansu. Duk abin da .env ya ba mutum, ya ba su. A watan Yulin 2025 wakilin AI na kamfanin Replit ya share rumbun gaske na wani mai amfani da shi, alhali an gaya masa kada ya taɓa komai. Umarnin baki bai tsare shi ba, rashin izini ne da zai tsare shi.

Muna jin masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yarda da ƙaddara, amma an ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Kuma muna roƙon iyayen gida su daina ɗaukar wannan a matsayin laifin yaro ɗaya marar hankali. Ranar 31 ga Janairun 2017, wani ƙwararren injiniya a GitLab, kamfanin da masu manhaja na duniya ke ajiye aikinsu a wurinsa, ya goge bayanan babban rumbunsu yana zaton a kan rumbu na biyu mai kwaikwayon babban yake. Kusan gigabait 300 suka tafi kafin ya tsayar. Da aka juya wurin ajiya, sai aka tarar pg_dump, manhajar da ke ɗaukar kwafin rumbun, ya daɗe yana faɗuwa shiru, saboda sigarsa ta 9.2 ce rumbun kuwa 9.6. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka awa shida kafin nan, kuma aikin waɗannan awanni shida bai dawo ba. Idan haka ta samu masu injiniyoyi da yawa, ɗan bautar ƙasa da aka bar wa sabar makaranta shi kaɗai bai kamata a tsaya ga hankalinsa kawai ba.

Wannan ya kawo mu ga kwafin ajiya, domin asusun da ke da DELETE har yanzu yana iya kwashe layuka. Ba a fafe gora ranar tafiya. A saita mysqldump, mai ɗaukar kwafin rumbun MySQL, da --single-transaction ya gudana kowane dare, misali ƙarfe 2, kuma an yi sa'a agogon Gana daidai yake da UTC da yawancin sabobi ke bi, babu lissafin bambancin lokaci. A riƙe na kwana 7 da na mako 4, a tura su wani wuri daban da sabar, da asusun da zai iya ajiyewa amma ba zai iya gogewa ba. Rumbu na biyu da ke kwaikwayon na farko nan take ba ajiya ba ne, domin umarnin share ma zai kwaikwaya. Sannan a yi lissafi da mai kuɗin: idan kwafi na ƙarfe 2 na dare ne, aka yi ɓarna ƙarfe 5 na yamma, cinikin awa 15 ya tafi. Shago mai sayar da kaya ɗari biyu a yini zai iya jure haka? Idan ba zai iya ba, sai binlog, kundin da ke rubuta duk sauyin da aka yi a rumbu, wanda MySQL 8 ke kunnawa da kansa ya riƙe na kwana 30. Da shi ana dawo da kwafin dare, a sake kunna abin da ya biyo baya da mysqlbinlog har zuwa daidai gaban mugun umarnin. Masu hayar saba ta haɗaka galibi ba sa kaiwa ga binlog, don haka su riƙa ɗaukar kwafi duk awa uku ko huɗu. Sau ɗaya a wata a ɗauki kwafin a zuba shi a rumbu na daban, a ƙirga layukan teburin biyan kuɗi a gwada da na gaske. Fayil ɗin da girmansa ya faɗo daga megabait 80 zuwa kilobait 1 yana faɗin wani abu, amma sai an duba.

Idan abin ya riga ya faru, matakin farko a rufe manhajar da php artisan down, tun kafin a kira kowa. Dalili shi ne lambobin teburori sun koma 1. Duk rasit ɗin da aka yanka bayan ɓarnar zai ɗauki lambar wani tsohon rasit, kuma raba su daga baya ya fi dawo da kwafin wahala. A kwafe binlog a ajiye gefe, a dawo da ajiyar a sabon rumbu ba a kan wanda ya lalace ba, sannan a cike giɓin da bayanan MoMo da rasit ɗin takarda. A gaya wa mai kaya gaskiya a ranar. Yaron da ya san za a ci mutuncinsa zai ɓoye ya yi ta ƙoƙarin gyarawa shi kaɗai, kuma a wannan ƙoƙari ne ake rasa abin da ya rage.

Alhazai da Hajiyoyi masu ba da aiki, doka ma a kanku take. Dokar kare bayanai ta 2012, Act 843, ta ɗora wa wanda ke riƙe da bayanan mutane nauyin yin rajista da hukumar kare bayanai, da ɗaukar matakan hana su ɓacewa ko lalacewa. Mai makaranta ko mai shago shi ne mai riƙon, ba yaron da ya rubuta manhajar ba. Ba sai kun iya karanta lambar kwamfuta ba. Kafin ku biya kason ƙarshe, ku ce a buga umarnin share a gabanku a kan kwafin da aka saita kamar na gaske, ku ga ya ƙi da idonku. Ku ce a dawo da ajiyar daren jiya a gabanku, ku nemi sunan kwastoma ɗaya da kuka sani a ciki, ku duba agogo ku ga minti nawa aka ɗauka. Ku tambayi mutum nawa ke da kalmar sirrin asusun da ke iya kayar da teburi, a rubuta sunayensu a takarda, a saka kalmar a ambulan a wurinku. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya bar aikin, ko lafiya aka rabu, a canza ta kafin magariba. Wannan ƙarin aiki na yini ɗaya ne ko biyu, ku saka shi a cikin kuɗin kwangila tun farko, kada ku bar yaro ya zaɓa tsakanin yin sa kyauta da barin sa.

Mun gode, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara wa jarida albarka. Wassalam.

Daga wasu masu gina manhaja,
Aboabo, Kumasi